Dokar da Isiyaku ya hana ta shiga ɗakin Kaka Hajara

Shekara biyar ke nan da muka raka ƙanena Isiyaku makwancinsa. Ni da alƙalamin kara da tawada na tashi, ajami na sani, saboda haka in ya zauna yana mini bayanin aikinsa, rabi nake kamawa, rabi ya wuce. Amma akwai aiki guda da na fahimta sarai, kuma da shi nake tunawa da shi.

Isiyaku ne ke kula da kwamfutocin wata makaranta a unguwar Moursal. Dukkansu a haɗe suke da wata babba da ke ofis, daga can ake saukar da doka ta hau kan kowacce: wannan a buɗe, wancan kada a buɗe. Da aka kawo sababbi, ɗalibai suka cika su da wasanni da cututtuka, sai darakta ya ce a kulle komai, kada wata manhaja ta tashi sai wadda ofis ya amince da ita.

A ɗakin baya kuwa akwai tsofaffin kwamfutoci biyu masu tsohon tsari. Da su Kaka Hajara, ƙanwar kakarmu, take shirya darasin matan unguwar Habbena da ke zuwa koyon karatu bayan la'asar. Jikokin mahajjata ne, kakanninsu sun yada zango a nan kan hanyar Makka ba su ƙara gaba ba. Hausa na bakinsu, Larabcin kasuwa ma haka, amma yawancinsu ba su taɓa ganin harshensu a takarda ba. Manhajar da ke fitar da baƙi da wasali irin namu na ajami ba ta cikin waɗanda ofis ya amince da su, kuma ba ta aiki a sabon tsari. In doka ta hau tsofaffin nan, ajin ya mutu, domin hannun Kaka ya fara rawa, ba ta iya rubuta wa kowace mace shafinta.

Darakta ya ce, "Doka ɗaya ce ga kowa, Isiyaku. Kalas, magana ta ƙare."

Isiyaku ya ce, "Musyo Darakta, ko azumi ba a ɗora wa tsoho yadda aka ɗora wa saurayi ba. Ka ba ni zuwa Juma'a, in ɗalibai suka sake buɗe wasa ko ɗaya, ka kulle duka." Darakta ya yi murmushi, ya yarda.

Dabarar da ya yi ita ce, ya ɗaura wa dokar tambaya a gaba. Duk kwamfutar da aka kunna sai a tambaye ta wane tsari take ɗauke da shi. In sabo ne, doka ta hau. In ba shi ba ne, ta wuce ta. A kan sababbin abin ya zauna daram. Da ya kunna tsofaffin, sai ga su a kulle su ma. Ashe tsohon tsarin bai san ana tambaya ba, duk dokar da ta zo karɓa yake yi.

Kaka ta dafa ƙirji. "Maigida, ka kashe mini abata!"

"Kurma ce irinki, Kaka. Na tambaye ta, ba ta ji ba."

"Ni ce kurma? To yau ba ka da tuwo a gidana, ka je injinka ya dafa maka."

Bai yi fushi da na'urar ba, bai kuma koma ofis ya ce abin ya gagara ba. Ya ware su biyun, ya sa su rukuni na daban, ya hana dokar isa ga wannan rukuni. Ranar Juma'a darakta ya zagaya: ɗakin ɗalibai a kulle tsaf, ɗakin baya kuma injin bugawa na ta fitar da darasi. Ya ɗauki shafi ɗaya ya juya shi, bai iya karantawa ba, ya ajiye ya fita, ya bar ɗakin baya yadda yake.

Yau samari na ratsa gari kan babur da kwamfuta a jaka, shagunan intanet sun cika unguwanni, abin da aka saya bara an fara kiransa tsoho. Nakan ce da Isiyaku na nan, da ya fi kowa murna, don yana son sabon abu kamar me. Sai dai na tabbata kafin ya sauya komai, zai fara leƙawa ya ga wa ke jingine da na da.

Makon jiya na biya makarantar. Ɗaya daga cikin tsofaffin kwamfutocin ta riga ta mutu, ɗayar na nishi, wanda ya gaji aikin Isiyaku ya ce da wuya ta kai damina. Na ɗauka Kaka za ta damu. Sai ta nuna mini mata uku a gefe, kowacce da alƙalami, suna rubuta wa sababbin shiga darasi da hannu.

Ta ce, "Ta mutu in ta ga dama, Malam. Lokaci yaron nan ya nema mana, kuma ya ishe mu."

Allah ya haskaka kabarinka, Isiyaku.