Mun iske Sani a gonarsa ta Tafoki

Mun tashi daga Katsina ana idar da sallar asuba, mu uku a motar asibiti: ni ma'aikaciyar jinyar masu taɓin hankali, da abokin aikina mai ba da magani, sai direba. Damina ta ja baya, dawa ta fitar da kai hagu da dama. Hanya lafiya lau har Ƙanƙara, in ban da shingayen jami'an tsaro, inda duk wanda ya leƙo sai ya tambaya ko muna da maganin ciwon baya.

A Ƙanƙara muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya rame ƙwarai tun zuwanmu na baya, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. Aka shimfiɗa mana tabarma a barandar ƙaramin asibiti, mutane suka yi layi. Aikina tambaya ne da saurare: yaya barci, yaya cin abinci, ko mutum na jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya taɓa tunanin halaka kansa. Na tambayi wani dattijo wace rana ce yau, don in gwada tunaninsa. Ya dube ni ya ce, "Ke da kika taso daga birni ba ki sani ba, 'yar nan?" Baba garau yake, rashin barci ne kawai ke damunsa.

Amma hankalina na Tafoki, wajen Sani, wani manomi da 'yan bindiga suka sace bara. Da ya kuɓuta sai ya daina magana, in ya ji ƙarar babur sai ya ruga daji. Danginsa suka sa masa mari a ƙafa, don tsoron kada ya ɓace. Wancan zuwan mun ɗora shi a kan magani, muka roƙi ma'aikacin lafiyar garin ya riƙa leƙa shi. Na yi ta lallashin mahaifiyarsa su kwance shi, tana kuka tana cewa in ya shiga daji ni zan nemo mata shi? Har muka tafi ba ta amsa ba.

Daga Faskari muka sauka kan hanyar ƙasa. Muna shiga gidan su Sani a Tafoki na ga ɗakinsa wayam, na hau tambayar ina yake.

"Kwantar da hankalinki, Malama," in ji mahaifiyarsa tana dariya. "Yana gona tun safe."

Can muka iske shi yana karyar masara, tabon marin na nan a idon sawunsa. Shi ya fara gaishe ni. Muka zauna a gindin ɗorawa, na yi masa tambayoyina. Yana barci, yana ci, yana zuwa masallaci. Babur kam har yanzu yana firgita shi.

"Amma yanzu tsayawa nake in ga ko waye," ya ce. "Galibi ma ƙanena ne."

Na lura hannunsa na rawa, aikin maganin ne. Na hau tudu na samu waya ta shiga, na kira likitanmu, ya ce a rage masa. Ba mu bar gonar ba sai da ya gasa mana masara, direba ya ci uku yana cewa wai ɗanɗanawa yake.

Hanyar garin Sabuwa ta girgiza mu har ƙugu, ga itatuwa sun yi duhu. A garin muka zauna da limamai da ungozomomi kan matan da hankalinsu ke gushewa bayan haihuwa. Wani liman ya ce daga yau in an kawo masa mai irin wannan, zai yi addu'arsa sannan ya turo ta asibiti. Muka kwana Faskari, washegari kafin la'asar muna gida.

Abin da na koyo shi ne, maganin da muke kaiwa rabin aiki ne. Sauran rabin na hannun mutanen gida. Mahaifiyar Sani ta gaya mini ita da kanta ta kira maƙeri ya cire marin, sannan ta yi mako tana kwana a bakin ƙofarsa.