Ranar da na ƙi tsayar da mota saboda sabon faifan birki

Ai ni a lokacin nan in kana son zaman lafiya, kar ka kawo maganar birki a gabana, don sai ka gaji ka tashi. 'Yan shekarun baya ne, ina gama sakandare, ba aikin fari ba na baƙi sai kallon bidiyon gyaran mota a waya. Ba wanda ya koya min, ni da data ne kawai da tsohuwar sifana.

Yayana yana da wata tsohuwar jif mai fowil, wato mai ja da tayoyi huɗu, da ita yake shiga ƙauyukan wajen Keana sayen riɗi da agushi. In ya cika ta da kaya, birkinta sai addu'a, ga kuka kamar ana wasa wuƙa. Na yi ta damunsa a canja faifan gaba da takalman birki, a sa masu kauri irin na ɗaukar nauyi. Har ya gaji ya sayo, ya ce, "Ga su nan, malam injiniya. In ka kashe min mota kai zan riƙa ɗora wa buhu."

Kuma fa na yi aikin. Na ɗaga ta a jak, na cire taya, na goge man da ke zuwa a jikin sabon faifan tas, na ɗaura komai, har na tuna na tattaka birki kafin in motsa ta. Mahaifiyata tana leƙowa tana cewa in zo in ci abinci, ni kuwa ji nake kamar likita a ɗakin tiyata.

Saura abu ɗaya, wanda shi na fi ɗoki. A bidiyon an ce sabon takalmi sai an sa ya saba da faifai. Ka sami hanya, ka yi gudu, ka taka birki da ƙarfi har mota ta kusa tsayawa, sai ka saki ka sake ba ta wuta. Ka yi ta maimaitawa. Kuma mai bidiyon ya nanata: kar ka kuskura ka tsaya cak da ƙafarka a kan birki faifan yana da zafi, takalmin zai bar tabo, sitiyari ya riƙa rawa. Wannan magana ta zauna min a kai daram.

Na ɗauki hanyar Shabu da la'asar, hadari yana haɗowa. Gudu, birki, saki. Gudu, birki, saki. Ƙauri ya fara tashi, ni kuwa daɗi kamar me.

Can gaba sai na hango wani dattijo a bakin hanya, babur ɗinsa ya yi faci, ga buhun irin doya a ɗaure a baya. Yana ganin motar ya ɗaga hannu yana murmushi. Daidai nan na taka birki, mota ta zo gabansa tana jan ciki. Sai na gane shi. Mahaifin yarinyar da yayana ke nema ne, an riga an kai gaisuwa, ana jiran ya ba da rana. Ya san motar sarai, gilashinta kuma mai duhu ne, bai ga waye a ciki ba. Har ya fara kwance buhun.

Zan so in ce muku ban gan shi ba. Na gan shi. Na ga furfurarsa, na ga hannunsa a kan igiya. Abin da ya zo min kawai shi ne faifai yana da zafi. Na saki birki na ba ta wuta.

A raina na ce bari in zaga ya huce in dawo in ɗauke shi. Na yi gaba sosai, na juyo, sai na ga ai saura kaɗan aikin ya cika. Na sake taka birki, kuma Allah Ya sa a gabansa ne dai, ta ɗaya hannun. Ya sake ɗaga hannu, wannan karon ba murmushi. 'Yan okada da ke fakewa a wata rumfa suna kallo. Na sake wucewa. Kafin in ga faifan ya yi sanyin da nake so, ruwa ya sauko, na dawo ban same shi ba.

Na iso gida na tarar da yayana a ƙofa da waya a hannu, idonsa ja. Yarinyar ce ta kira tana kuka. Babanta ya turo babur cikin ruwa har ya sami mai faci, ya shigo gida jiƙe sharkaf, ya ce a gaya wa yaron nan tunda tun yanzu ya fara yi masa wasa da mota a gaban mutane, a dakata da maganar rana.

"Ina ka je da motata?"

"Yaya, faifan ne, in aka tsaya..."

"Ka ga Baba ko ba ka gan shi ba?"

Na ce na gan shi. Bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Ya ce in sa riga mai mutunci.

Muka je gidan Baba, muka same shi a zaure ya lulluɓa da mayafi yana shan shayi. Muka durƙusa. Yayana ya ce, "Baba, ba ni ba ne a motar, ga wanda ya tuƙa. Ya faɗa da bakinsa."

Ni da na saba zuba kan birki, ranar sai na fara kame-kame. Na dai yi bayani a daddafe, takalmi, faifai, zafi, tabo. Ina yi ina jin yadda maganar ke ƙara zama shirme. Ya bar ni na gama tsaf.

"To yaro, wannan faifan, da ka tsaya, mutuwa zai yi?"

"A'a Baba, sitiyari ne zai riƙa ɗan rawa."

"Ɗan rawa." Ya kurɓi shayi. "Ni kuwa ka ga tun ɗazu nake yin ta a cikin mayafi."

Ya juya wajen yayana ya ce shi ba shi da laifi, a turo manya ranar Juma'a. Ni kuma ya ce duk ranar da zai je gona a daminar nan, ni zan kai shi in dawo da shi. Haka aka yi. Duk inda zai sauka sai ya ce, "Mai birki, tambayi ƙarfen naka ko ya yarda mu tsaya."

Abin da ya fi ba ni kunya, daga baya na sake kallon bidiyon har ƙarshe. Ashe mutumin ya ce in tsayawa ta kama dole, ka tsaya, kawai ka ɗage ƙafa kar ka danne birkin. Ni ban kai wajen ba, ɗoki ya sa na kashe na fita da gudu. Amma ko da bai faɗa ba, ai bai kamata sai wani a waya ya ba ni izinin ɗaukar dattijo a hanya ba.

Yanzu gyaran birki nake yi sosai, har ana kawo min motoci. An yi auren, suna da yara. Baba kuma har gobe in na je gaishe shi ba na iya haɗa ido da shi da kyau.

Ku fa, akwai abin da kuka taɓa koya sabo-sabo, ɗokinsa ya sa kuka tafka abin kunya a gaban babba? Ku ba ni labari, ko na ji ba ni kaɗai ba ne.