Man Gyaɗar Inna

A shekarun da arzikin fetur ya fara shigowa, kowane ma'aikaci ya ga ya isa hawa mota, ni ma da nake malamin gona a Kankia ban yarda an bar ni a baya ba. Na sayi wata tsohuwa a hannun wani akawu Bayarabe da zai koma gida. Ba ta da laifi sai ɗaya: tsatsa ta cinye tankin baƙin mai da ke ƙarƙashin inji, duk inda ta tsaya sai ta bar shaida.

Direbobin tasha suka ce in liƙe da sabulu, haka suke yi wa tankin fetur. Babu wanda ya tuna cewa na baƙin mai zafi yake yi. Na murje sabulu guda, na manna, na miƙe ina jin kaina bakanike.

Ranar sunan 'yata ta fari na yi sammako zuwa Dudunni ɗauko Inna, mahaifiyata. Burina ta kasance cikin gida lokacin da za a faɗi sunan, don sunanta na zaɓa wa jaririyar, ban kuwa gaya mata ba. Ta shigo rungume da galan na man gyaɗa da ta matse da hannunta saboda mai jego. Ko a ƙasa ta ƙi ajiye shi.

Mun ɗan wuce Kusada sai jar fitilar mai ta kama. Na tsaya na leƙa. Sabulu ya narke, mai ya bi hanya ya tsiyaye tas. Na fiƙe ice, na naɗe da tsumma, na cusa a ramin. To, me zan zuba? Babu mota gaba, babu baya, rana kuma sai hawa take yi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Inna ta leƙo ta taga. "Kai, mi ya hwaru?"

"Mai ya ƙare, Inna."

"Mai take sha? Irin namu?"

Na ce ba daidai ba, amma ɗan'uwansa ne. Ta daɗe tana kallon galan ɗin.

"Tunda nike ban taɓa shiga gidan suna hannu rabbana ba," in ji ta. Sannan ta miƙo mini ta kau da kai. "Amshi. Ka ce mata ta sha a hankali."

Haka muka shiga Kankia muna rarrafe, motar na tashin ƙamshin tuyar ƙosai, mutanen tasha na waige-waigen mai kasko. Injin bai sake lafiya ba daga ranar, kuma ban taɓa jin haushi ba.

Inna ta sauka tana sunkuyar da kai don kunya. Tana sa ƙafa a tsakar gida maroƙi ya ɗaga murya daga waje ya faɗi sunan. Ta tsaya cak. Mata suka ɗau guɗa, aka rasa wa za a miƙa wa jaririya, kowa riƙe da ƙwarya ko kwano. Inna kaɗai ce babu komai a hannunta.