Mama Kande da Bencin Horo

Da hantsin Talata, 11 ga Maris, 2025, Allah ya kira Mama Kande Ɗanjuma, shugabar Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu a Gumel, bayan jinyar kwana huɗu. Ta rasu tana da shekara saba'in da ɗaya.

Mama, kowa yana da abin da zai faɗa a kanki. Matan Zumunta za su tuna yadda kike dawowa tun daga Gagarawa duk ranar da kika kai wa 'yarki ziyara, don kada a fara sujada babu ke. Maƙwabcinki Malam Ishaƙ ya zo gaisuwa da jama'ar masallacinsu, ya ce bai taɓa jin muryarki ta tsallaka katanga ba sai da waƙa. Ni kuwa abin da zan faɗa abin kunya ne, amma zan faɗe shi.

A watan Oktoba na mari Jannatu, 'yar'uwarmu a Zumunta, a gaban jama'a, a kan wadda za ta kaɗa tulu a waƙarmu ranar bikin godiya. A kan tulu fa! Dattawan ikilisiya suka sa ni horo: in koma bencin baya, kada in ɗaura zanen Zumunta, kada in ci Jibin Ubangiji, har sai na nemi gafararta na kuma tuba a gaban ikilisiya. Ni da zuciyata na ce sai dai in daina zuwa.

Kika same ni a gida kika ce, "Rifkatu, ki zo ko don ni. Benci ne kawai, ba wuta ba." Na zo. Ina zama sai ga ki kin bar kujerarki ta gaba, kin zauna kusa da ni. Da aka zagayo da gurasa da ƙoƙon Jibin a tire, kika naɗe hannu tiren ya wuce. Na raɗa miki cewa ai ke ba a hana ki ba. Kika ce, "Jiki ɗaya ne mu. Zan jira ki."

Lahadin farko na kowane wata ake cin Jibin, kuma sau biyar tiren ya wuce mu. Ba ki taɓa yi mini wa'azi ba, sai dai a hanyar gida ki ce, "Gidan Jannatu yana nan inda yake, ba a matsar da shi ba." In yi dariya in ce sai wani makon. Na san abin da teburin Jibin nan yake a wurinki, ke da kika yi shekara talatin kina wanke ƙoƙunansa, amma na bar ki kina jira. Wannan shi ne yake cin raina.

Washegarin jana'izarki na je gidan Jannatu na durƙusa. Ba ta bari na gama magana ba, ta ɗaga ni muka yi ta kuka. Ranar Lahadi zan tsaya a gaban ikilisiya.

Ga mijinki Baba Ɗanjuma, da 'ya'ya, da jikoki, da Zumuntar Mata, Ubangiji ya ta'azantar da mu duka. Allah ya yi miki jinƙai, ya ba ki hutawa har ranar tashin matattu. Ki gafarce ni, Mama. Na zo, amma na makara.