Rubu'in Awar Malam Buba

Shekara tara ke nan da rasuwar abokin aikina Malam Buba, wata Alhamis bayan azahar, a gidansa na Matameye. Ni da matarsa da limamin unguwa muna wurin.

Tare muka yi aiki a wani ƙaramin gidan rediyo. Ni ke karanta labarai da Hausa, shi kuma yana da rubu'in awa bayan magariba da Fillanci, harshen mahaifiyarsa: farashin dabbobi, ranar rigakafi, sanarwar suna da ta rasuwa.

Sau da yawa darakta ya so soke shirin. Na taɓa jin ya ce masa, "Malam, Fulanin naka sun fi ni cinikin Hausa a kasuwa. Me ba su ji?"

Buba ya ce, "Ranka ya daɗe, suna ji sarai. Amma pil, batirin rediyo, na da tsada a ruga. Ba a kunna rediyo sai lokacin da ya yi magana da mu. Ina yin sallamar ban kwana, a kashe."

Yanzu an ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Na san da Buba na raye zai yi murna, don ya sha ganin dattijai tsaye a ofis suna jiran mai fassara musu Faransanci. Na kuma san tambayar da zai bi da ita: ina aka ajiye sauran harsunan? A Nijeriya ma, ƙasar tarayya mai ɗimbin harsuna, ƙananan harsunan kan samu gurbi a rediyon jiha ne idan manyan sun rage wuri. Buba bai taɓa adawa da Hausa ba. Abin da ya riƙe kawai shi ne, jin harshe daban, a kira ka da naka daban.

Da ciwo ya kwantar da shi, ba a samu magaji ba, aka cike gurbinsa da kiɗa. Rugage suka daina kunnawa. An karanta sanarwar rasuwarsa da Hausa da Faransanci, safe da yamma.

Ƙanwar mahaifiyarsa, Inna Dija, tana ruga bayan Dungu. Ta zo ranar kasuwa, bayan sadakar bakwai, da ƙwaryar nono a ka, ta zo duba mai jinya. A ƙofar gida aka gaya mata.

Har yau ba a maido da shirin ba.