Tsanin da Ba Kowa a Kansa

Tun ranar da soron kakata ya rufta a Ƙofar Marke nake zaune gidan gwaggona a Tudun Wada. Ana ruwa bayan azahar, na fito da kwanon tuwo ke nan, ɗakin ya zube a bayana. Ba wanda ya ji rauni. Amma har yau ko murfin tukunya ya faɗi sai na tsinci kaina a tsakar gida.

Cikin kayan da aka kwaso akwai zanen gidanmu, wanda wani malamin zane ya yi tun Baba bai yi wayo ba. Ginin ƙasa ja, indararo, ƙofar zaure a buɗe, da tsani jingine da bango. Ba mutum ko ɗaya. A da in na dube shi, sanyin safiya nake ji, kamar kowa yana ciki yana shan kunu. Yanzu sai in ga kamar gudu suka yi.

Da Baba da ƙanensa, Baffa, suka zo maganar komawarmu, a gaban zanen suka tsaya.

"Dubi tsanin ga," in ji Baba. "Kowace shekara sai an yi yaɓe kafin damina. Mu ne muka lulluɓe shi da siminti muka manta, ruwa ya ci shi ta ciki. A gyara, mu koma."

Baffa ya yi dariya. "Yaya, gidan da ko a hoto ba ya tsayawa sai da tsani? Tun can jinya yake!"

Kaka, da ke zaune gefe, ta ce duk ba haka ba ne, tsanin na shanya kuɓewa ne a kan soro, ita ce ma ta hau.

Sai Baba ya juyo. "Ke ɗiyata, ke kika yi boko. Mi kika gani?"

Na duba, na sake dubawa. In na bi maganar Baba, gidan yana jiranmu. In na bi ta Baffa, yana korarmu. Ga wani baƙin layi ƙarƙashin indararo, na kasa gane inuwa ce ko tsaga.

Na ce, "Baba, ban sani ba."

Su Baba da Kaka sun koma gidan ranar Juma'a. Na ɗaure kayana, na raka su har bakin titi, mai keke napep ɗin da zai kai su yana ta cewa in shiga. Ƙafata ta ƙi. Baba bai yi faɗa ba, ya sauko da ƙullin kayana ya miƙa wa Gwaggo.