Takalman da Ke Rataye a Zaurenmu

Duk shekara, da an gama yankan dawa, 'yan ci-rani ke sauka Funtua daga Nijar, kowa da jakarsa a baya. Su ke ɗibar audugar ƙauyenmu. Zuwansu kasuwa ne: mai tuwo ta ƙara tukunya, tela ya rasa lokacin hira, mai kekuna ya sayar da biyu ko uku kafin su koma.

Namu su huɗu ne, wani dattijo mai tsaga a kumatu ke jagorantarsu. In za su koma gida, yakan rataye tsofaffin takalmansa na taya a ƙusar zaurenmu. Ban taɓa tambayar dalili ba, don ni ba mai yawan magana ba ne.

Wani hutu da na dawo daga kwalejin horon malamai, na mayar da zauren wurin karatu. Na share, na jera littattafai, na jefar da takalman a bola, na rataye kalanda a ƙusar.

Suka iso ranar da Baba ya tafi Malumfashi. Dattijon ya yi sallama, ya dubi ƙusar, ya dube ni. Na amsa, na sunkuyar da kai kan littafi. Suka sha ruwa suka wuce.

"Takalman nan su ne alkawarinmu," in ji Baba da ya dawo. "In ya tarar da su, gurbinsa na nan. In babu, an ɗauki wasu ke nan. Ga auduga ta fashe, saura mako biyu a saki shanu cikin gonaki. Wa zai ɗebe ta? Kai da bironka?"

Na tone bolar, ƙafa ɗaya na samu. Aka ce Maska suka nufa, na hau keke har can, na tarar da su a gindin tsamiya suna jiran mai ɗaukar su aiki. Duk jawabin da na tsara a hanya ya gudu. Na durƙusa, na miƙa takalmin kawai.

Dattijon ya jujjuya shi. "Ɗan boko, ina ɗan'uwansa?"

"Baba, ban gan shi ba."

"To, rabin alkawari ka kawo. Rabin aikin gona namu, rabi naka."

Sauran suka fashe da dariya, suka saɓa jakunkunansu.

Ashe ba duka ne wasa ba. Kwana goma ina bayansa da buhu, ƙwanson auduga ya farfasa mini yatsu har biro ya gagare ni riƙewa. Muka gama saura kwana biyu shanu su shigo.

Ranar tafiyarsu, shi da kansa ya sauke kalandar, ya miƙa mini da ladabi, ya rataye ƙafa ɗayar.